Zungeru: Tarihin tashoshin jirgin ƙasa na tsohuwar hedikwatar Arewa

Zungeru ƙaramin gari ne a Ƙaramar Hukumar Wushishi ta Jihar Neja, a bakin Kogin Kaduna, kimanin kilomita 60 arewa maso yamma da Minna. Duk da ƙanƙantarsa, a nan ne jirgin ƙasa ya fara tafiya a Arewacin Najeriya, a ƙarshen shekarar 1901, kusan shekara goma kafin dogo ya isa Kano. Garin ya ga layin dogo iri biyu, kowanne da tasharsa. Na farko ɗan siriri ne da ya haɗa barikin Turawa da bakin ruwa, kuma bai wuce shekara goma yana aiki ba. Na biyu shi ne babban layin Legas zuwa Kano, wanda yake nan shimfiɗe har yau, ko da yake jirgin fasinja ya yi ƙaranci a kansa.

Tarihin waɗannan tashoshi biyu shi ne tarihin garin kansa. Dogo ne ya sa aka iya kafa hedikwatar Arewa a Zungeru, kuma dogo ne ya sauƙaƙa ɗauke ta zuwa Kaduna. A kowane mataki, daga nesa ake yanke shawarar inda layi zai bi da inda jirgi zai tsaya, arzikin garin kuma ya bi bayan wannan shawara.

Yadda aka zaɓi wurin

A ranar 1 ga Janairun 1900 ne gwamnatin Ingila ta karɓi yankin daga hannun kamfanin Royal Niger, aka ɗaga tuta a Lakwaja, aka naɗa Frederick Lugard, wanda Hausawa suke kira Gwamna Lugga, a matsayin Babban Kwamishinan Arewa. Ya fara zama a Jebba, a bakin Kogin Kwara, amma Jebba ta yi nisa da manyan masarautun da yake hari, wato Zazzau da Kano da Sakkwato. Saboda haka ya nemi wuri a can ciki, wanda kuma ba zai rabu da hanyar ruwa ba, domin a wancan zamani duk wani kaya mai nauyi ta kogi yake shigowa.

Turawa sun riga sun ajiye sojoji a Wushishi, tsohon sansanin yaƙin gidan Nagwamatse. Bayan sun ci Kontagora da Bida a farkon 1901, sai hanyar Kogin Kaduna ta buɗe musu. Lugga ya zaɓi wani fili a gaban Wushishi, kusa da ƙauyen da ake kira Dungurum, sunan da ya rikiɗe ya zama Zungeru. A 1902 hedikwata ta taso daga Jebba ta dawo nan.

Sai dai wurin yana da aibi guda. Daga Wushishi zuwa sama kogin cike yake da duwatsu, jirgin ruwa ba ya iya kaiwa Zungeru. Kayan da aka ɗauko daga bakin teku sukan hau Kogin Kwara su wuce Lakwaja har Muregi, inda Kaduna take zuba a Kwara, daga nan su shiga Kaduna, sannan tilas a sauke su kafin a kai bariki. Kwanon rufi da siminti da katako da harsasai duk sai an ɗora wa 'yan dako a ka. Wannan giɓi na tsakanin bakin ruwa da bariki shi ne ya haifi tasha ta farko.

Tasha ta farko: ƙaramin jirgin Wushishi

Sashen ayyuka na gwamnatin Arewa, ƙarƙashin injiniya John Eaglesome, shi ya shimfiɗa layin. Faɗin da ke tsakanin ƙarafansa ƙafa 2 ne da inci 6, wato milimita 762, abin da ya sa ya fi araha da saurin shimfiɗawa. An buɗe shi a watan Disamban 1901 tsakanin Wushishi da Zungeru, tafiyar kimanin mil 12. Ba a jima ba aka gane cewa idan ruwa ya janye da rani, Wushishi ma jiragen ruwa ba sa kai mata. Don haka a 1902 aka ƙara layin zuwa Barijuko, a ƙasan kogi, jimillar tsawonsa ta kai kimanin mil 22, wato kilomita 35.

Ke nan layin yana da manyan matsayai uku: Barijuko, inda ake sauke kaya daga jirgin ruwa, da Wushishi a tsakiya, da Zungeru inda ya tuƙe. Kawunan jirgin da suke jan taragun ƙanana ne masu aiki da tururi, ƙirar kamfanin Hunslet na birnin Leeds a Ingila.

Ba don 'yan kasuwa aka yi wannan layi ba. Babban aikinsa shi ne jigilar kayan gini da na ofis da wasiƙu, fasinjojinsa kuwa mafi yawansu jami'an gwamnati ne da akawuna da sojoji. Duk Baturen da aka turo aiki hedikwata, da duk akawun da ya taso daga Legas ko Anaca ko Saliyo, ta wannan ƙofa yake shigowa. A cikin irin waɗannan akawuna akwai mahaifin Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa masa ɗan a Zungeru ranar 16 ga Nuwamban 1904. Yaron ya tashi da Hausa a bakinsa, daga baya kuma ya zama Shugaban Ƙasa na farko a Najeriya.

Ta fuskar yaƙi ma layin ya yi wa Turawa rana. Zungeru ce cibiyar da aka shirya yaƙin Kano da Sakkwato na 1903, daga nan kuma aka tura dakarun da suka murƙushe Satiru a 1906. Daga Zungeru zuwa gaba tafiyar ƙasa ce, amma makamai da guzuri sun iso barikin ne a bisa waɗannan 'yan taragu.

Inda ƙarafan suka koma

Da babban layi ya iso Zungeru, sai ƙaramin ya rasa aikin yi. Tsakanin 1910 da 1911 aka dakatar da shi, aka tuge ƙarafansa, aka kwashe su tare da taragu da kawunan jirgi zuwa Zariya. Da su aka fara shimfiɗa ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos domin ɗauko kuza, wanda ya isa Jos da Bukuru a 1914, ya kuma yi aiki har 1957. Wannan ne dalilin da ya sa faɗin layin na Jos ya zo daidai da na Wushishi.

Barijuko ta koma ƙauyen bakin kogi kamar yadda take a da. Kan jirgi mai lamba 1 na wannan layi kuwa ya tsira, an girke shi a tashar jirgin ƙasa ta Minna a matsayin kayan tarihi. Wanda duk yake son ganin injin da ya fara ja a Arewa, Minna zai je, ba Zungeru ba.

Tasha ta biyu: babban layin Legas zuwa Kano

Babban layin ya samo asali ne daga gasar gwamnatoci biyu. A Kudu, dogon da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, Ilori a 1908, Jebba a 1909. A Arewa kuwa, gwamnati ta fi son nata layin da zai sauka a bakin Kogin Kwara, domin kayan Arewa su bi ruwa zuwa teku ba tare da sun ratsa Legas ba. A 1907 Landan ta amince da layin Baro zuwa Kano, aka kuma turo Sir Percy Girouard a matsayin gwamna. Girouard ɗan Kanada ne, injiniyan dogo, wanda ya yi suna tun 1897 da shimfiɗa layin hamada a Sudan daga Wadi Halfa. Eaglesome, wanda ya gina ƙaramin layin Wushishi, shi aka damƙa wa aikin.

Abin lura shi ne layin Baro zuwa Kano bai biyo ta hedikwata ba. Ya tashi daga Baro ya bi ta Badeggi da Minna, ya haye Kogin Kaduna a inda birnin Kaduna yake a yau, ya wuce Zariya, ƙarafansa suka isa Kano a watan Maris na 1911. Zungeru ta samu dogo ne ta hanyar layin haɗi, wanda ya taso daga Jebba ya bi ta Mokwa, tafiyar kimanin kilomita 200, ya haye Kogin Kaduna a kan gada a Zungeru, sannan ya ƙarasa Minna. Daga farkon 1912 fasinja yana iya tashi daga Legas ya sauka Kano, sai dai a Jebba akan haye da taragun a kan jirgin fito, har zuwa 1916 da gadar Kwara ta fara aiki. A watan Oktoban 1912 aka haɗe hukumomin dogon biyu suka zama guda, fiye da shekara ɗaya kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914.

Faɗin sabon layin ƙafa 3 ne da inci 6, wato milimita 1,067. Tsawonsa daga Legas zuwa Kano kilomita 1,126 ne, kuma Zungeru ta faɗo a bayan tsakiyar tafiyar kaɗan ga wanda ya taso daga Legas.

Da gumin talakawa aka yi aikin. Ta hannun sarakuna da dagatai gwamnati take ɗibar leburori daga ƙasar Nufe da ta Gwari, kowane gari a yanka masa adadin mutanen da zai bayar, ko da kuwa lokacin noma ne. A 1909 mutanen Gussoro, a ƙasar Gwari, suka yi wa tawagar wani jami'in mulki kwanton ɓauna suka kashe shi, sojoji suka zo suka yi ramuwa mai tsanani, kuma masana tarihi suna danganta wannan bore da matsin neman leburorin dogo. Ta wani ɓangaren, ladan da ake biyan leburori da sulallan Ingila ya taimaka wajen yaɗa kuɗin ƙarfe a kasuwannin da a da wuri ne kuɗinsu.

Ƙaura zuwa Kaduna

Shekarun 1912 zuwa 1916 su ne ganiyar tashar Zungeru. Gwamna da sakatarorinsa da manyan hafsoshin soja a nan suke hawa da sauka, wasiƙun gwamnati a nan ake sauke su, tafiyar da take cin makonni ta ruwa ta koma ta 'yan kwanaki. A lokacin da aka haɗe Najeriya a ranar 1 ga Janairun 1914, Zungeru ce mazaunin gwamnatin lardunan Arewa.

Amma dogon da ya kawo wannan sauƙi shi ne ya kawar da dalilin zaman hedikwata a wurin. An zaɓi Zungeru ne saboda kusancinta da inda jirgin ruwa yake tsayawa, yanzu kuwa ba a bukatar jirgin ruwan. Turawa sun daɗe suna kukan zafin garin da sauro da zazzaɓi. Da Lugga ya dawo a 1912 sai hankalinsa ya koma kan filin da layin Baro ya haye Kogin Kaduna, wuri mai sanyin iska da yalwar ruwa, kuma kusa da Zariya da Kano. Sojoji ne suka fara tashi, ofisoshi suka biyo baya, zuwa 1917 Kaduna ta zama hedikwata. A cikin taragun jirgi aka kwashe ma'aikata da takardu da kayan ofis, daga wannan tasha da aka gina domin yi musu hidima.

Hatta gadar ƙafa ta ƙarfe da Lugga ya kafa a Zungeru a 1904 daga baya an kwance ta an kai Kaduna, tana nan a lambun Gamji. Abin da ya rage a tsohon barikin shi ne kufan gidan gwamna da ginshiƙan wasu gine-gine da maƙabartar Turawa.

Minna ce ta ci gajiyar da Zungeru ta rasa. Da yake a can layin Baro da na Legas suka haɗu, can aka tara ma'aikatan reluwe da wuraren kula da kawunan jirgi, gari ya bunƙasa a kewayen tasha, har ya zama babban birnin Jihar Neja da aka ƙirƙiro a 1976. Zungeru ta koma tashar kan hanya.

Yadda tashar kan hanya take aiki

Layin Legas zuwa Kano tilo ne, jirgi biyu ba sa iya gittawa sai a tasha. Wannan ya sa kowace tasha irin ta Zungeru take da muhimmanci ko da ba ta da fasinja da yawa. A cikinta layin yakan rabu biyu ko fiye, jirgi ɗaya ya raɓe ya jira, ɗayan ya wuce. Shugaban tasha ne yake da iko a kan wannan. Yakan yi magana da tashar gaba da ta baya ta waya, kuma direba ba ya tashi sai an miƙa masa wata sanda ta ƙarfe wadda take shaida cewa babu wani jirgi tsakaninsa da tashar gaba. Idan ya isa can sai ya miƙa ta, a ba shi wata. A ƙarƙashin shugaban tasha akwai akawun tikiti da akawun kaya da masu juya layi da masu ɗaga alama, ga kuma ayarin leburori da suke bin dogo a ƙafa suna duba ƙusoshi da matasan ƙarfe.

A zamanin tururi, kan jirgi yana bukatar ruwa a kai a kai, da kwal wanda tun 1916 ake haƙowa a Inugu. Tsayawar shan ruwa da jiran gittawa su ne suka raya kasuwar tasha a duk tsawon layin. Mintocin da jirgi zai yi a tsaye su ne cinikin yini ga masu tallar abinci da ruwa da kifi da rake, waɗanda suke miƙa kaya ta taga su karɓi kuɗi kafin a busa usur. Injinan dizal sun fara shigowa a tsakiyar shekarun 1950, sannu a hankali suka kori na tururi, tsayawar ta ragu.

Taragun fasinja aji-aji ne. A zamanin Turawa aji na ɗaya kusan nasu ne su kaɗai, na biyu na akawuna da attajirai, na uku mai kujerun katako kuma na talakawa. Jiragen ma iri biyu ne: mai dogon zango da yake tsayawa a zaɓaɓɓun tashoshi, da kuma wanda yake haɗa taragun kaya da na mutane yana tsayawa ko'ina. Na biyun ne abokin tafiyar mutanen ƙauye, domin shi ne yake kai manomi da buhunansa kasuwar gaba.

Fasinja da kaya

Mafi yawan arzikin da ya bi ta Zungeru wucewa ya yi. Daga 1912 gyaɗar Kano ta fara kwarara zuwa Legas, tare da auduga da fatu da ƙiraga da shanu. Daga Kudu kuma gishiri da kananzir da atamfa da siminti suke hawowa. Goro, wanda a da fatake suke ɗaukowa daga Gwanja a kan jakuna su yi watanni a hanya, ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, daga nan ya hau dogo ya isa Kano da ɗanyensa. Wannan sauyi ya kashe zangunan fatake da dama, ya kuma raya unguwannin Hausawa a garuruwan da suke kan layi a ƙasar Yarabawa.

Rabon Zungeru a cikin wannan hada-hada shi ne abin da ƙasarta take bayarwa: doya da shinkafa da dawa da kaɗanya da kifin kogi. Tashar ta kuma riƙe wa garin jama'arsa mai gauraye. Bayan Gwari da Nufawa da Hausawa, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu sun ci gaba da zama ko bayan tashin gwamnati. A nan aka haifi Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu ranar 4 ga Nuwamban 1933, shekara 16 bayan ƙaurar hedikwata.

Abin da ya taɓa reluwe a ƙasa baki ɗaya yakan iso tashar. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ma'aikatan dogo ƙarƙashin Michael Imoudu suka yi wa jagora, ya tsayar da jirage fiye da wata guda. A 1955 sashen reluwe na gwamnati ya zama Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya. Rikicin 1966 ya sa ɗimbin ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas suka bar tashoshin Arewa, aikin ya samu naƙasu mai yawa.

Koma baya

A 1964 jiragen ƙasan Najeriya sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka fasinja sun ragu zuwa kimanin miliyan 4.3, kaya kuma zuwa tan miliyan ɗaya da 'yan kai. Dalilan a fili suke. Kuɗin man fetur ya tafi ga gina tituna, manyan motoci suka ƙwace jigilar kaya, gyaɗa ta daina fita waje, dogon kuwa ya ci gaba da zama yadda Turawa suka shimfiɗa shi, da kwanoni masu kaifi da ƙarafa marasa nauyi da ba sa barin jirgi ya yi gudu.

Mutumin Zungeru da zai je Minna ko Bida ko Tegina ya ga mota ta fi masa, tunda ba sai ya jira jirgin da ba a san lokacin isowarsa ba. An ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya gudanar da hukumar daga 1979 zuwa 1982, al'amura suka ɗan gyaru, bayan tafiyarsa suka sake lalacewa. A 1988 hukumar ta durƙushe da bashi, aka rage ma'aikata da yawa. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gyara, aka kawo sababbin kawunan jirgi da taragu, amma hakan bai hana jirgin fasinja na Legas zuwa Kano tsayawa na tsawon shekaru ba.

Ƙananan tashoshi ne suka fi jin jiki. Babban gari yana da masana'antu da ofisoshi da zai jingina da su. Ƙaramin gari kuwa, idan jirgi ya daina tsayawa, mai talla da ɗan dako da mai masauki duk sun rasa abin yi a rana ɗaya.

Gyaran 2012 da abin da ya biyo baya

An raba gyaran layin gida biyu: CCECC ya ɗauki Legas zuwa Jebba, kilomita 488, kamfanin Costain kuma ya ɗauki Jebba zuwa Kano, kilomita 638, ɓangaren da Zungeru take ciki. A watan Disamban 2012, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, jirgin fasinja ya dawo tsakanin Legas da Kano, sau ɗaya a mako ta kowace fuska, tafiyar da take cin sa'o'i 30 ko fiye. Duk da jinkirinsa, ƙananan 'yan kasuwa sun karɓe shi hannu bibbiyu, saboda kuɗinsa bai kai na mota ba kuma yana ɗaukar kaya da yawa.

Daɗin bai ɗore ba. A watan Maris na 2020 aka dakatar da jiragen fasinja saboda annobar korona. Bayan an dawo, sai matsalar 'yan bindiga a dazukan Neja da Kaduna ta sha gaban layin, musamman tsakanin Minna da Kaduna. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, ko da yake a wani layin ne dabam, ya ƙara jefa tsoro a kan duk wata doguwar tafiya ta dogo a yankin. Hanyoyin mota da suka kewaye Zungeru, musamman ta Tegina, su ma sun sha fama da wannan masifa.

Abin da ke gaba

Hankalin Gwamnatin Tarayya ya koma kan sabon layi mai faɗin milimita 1,435. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, a wannan shekarar kuma aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano. Jirgin sabon layi ba ya iya hawa tsohon dogo, kuma an tsara shi ne domin gudu tsakanin manyan birane da tashoshi kaɗan. Saboda haka makomar tashoshi irin na Zungeru ta rataya ne a kan abu biyu: ko za a ci gaba da kula da tsohon layin, da kuma inda za a ajiye tashoshi idan aka zo haɗa Ibadan da Abuja.

Akwai abubuwa biyu da suka sauya lissafi. Na farko, tashar wutar lantarki ta ruwa mai ƙarfin megawat 700 da aka fara ginawa a 2013 a kan Kogin Kaduna ta sake fito da sunan Zungeru, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Neja da take garin, wadda ɗalibanta da ma'aikatanta matafiya ne na kullum. Na biyu, gyaran tsarin mulki na watan Maris, 2023 ya cire harkar jiragen ƙasa daga hurumin Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, ya ba jihohi damar shiga. Yanzu hukumar da take kusa da garin tana da ikon sa baki a kan ko jirgi zai tsaya a Zungeru. Dogo da gada da filin tasha suna nan. Abin da ya rage shi ne tsaro a kan hanya da jirgin da yake zuwa a kan lokaci.

Muhimman shekaru

1901: An buɗe ƙaramin layin Wushishi zuwa Zungeru a watan Disamba.

1902: An ƙara layin zuwa Barijuko; hedikwatar Arewa ta dawo Zungeru daga Jebba.

1910 zuwa 1911: An dakatar da ƙaramin layin, aka kwashe kayansa zuwa Zariya.

1912: An fara tafiya daga Legas zuwa Kano ta Zungeru da Minna.

1916: Gadar Jebba ta fara aiki, aka daina fiton taragu.

1917: Hedikwata ta koma Kaduna.

1955: An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya.

2012: Jirgin fasinja na Legas zuwa Kano ya dawo bayan gyara.

2023: Tsarin mulki ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa.